Guzan da Ba a Ɗauka Ba

Matan da suka fara sauka ɗiban ruwa su suka gani. Gurbin rafin Ndela, wanda duk garin Gumtsa ke sha idan rani ya yi nisa, ya wayi gari fari fat da cikin kifi. Tarwaɗa, kwaɗi, talibambam, kowa ya taso sama yana lilo. Kaguwa sun fito gefe sun sandare. Can gaba kaɗan akuyoyi na kwance da kumfa a baki. Kwasini kuwa, matar Sini, wadda ta riga kowa isa ta kurɓa tun ido bai gama gani ba, a kan ƙyauren kara aka kai ta gida, tana amai, jaririnta na tsala ihu a hannun maƙwabciya. Warin da ke tashi kowa ya san shi, na maganin feshin auduga ne.

Mutanen Gumtsa, in faɗi gaskiya ko da nawa ne, ba su da hanzari a komai sai wajen gano mai laifi. Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse sun gama shari'a. Ga sawun tsoho Kwada maƙeri raɗau a cikin laka, har da ramin sandarsa. Me kuma ya rage?

Maƙera ne ke ƙera mana fartanya, su buga mana ganga, su saɓi gawarmu a kafaɗa su kai rami, su yi mana duba da kaguwa. Amma ba ma aurensu, ba ma sa baki a ƙoƙonsu, kuma naman da suke ci, guza da kunkuru da biri, mu ko da ɗan yatsa ba ma taɓawa. Mutumin da aka ajiye nesa haka ba shi da wuyar ɗora wa laifi. Da aka jawo Kwada gaban mai gari, ya ce kaguwar duba ya zo kamawa ya tarar da su a mace. 

Mai gari ya yanke cewa gobe da yamma za a zauna a kan falalen dutse. In ba a kawo wani mai laifin ba, a yaye rufin gidan Kwada, shi da iyalinsa su sauka daga dutsen nan har abada. Don kada a ce bai bincika ba, ya sa aka kira Vandi.

Vandi mai bin sawu ne. Shi ake nema in akuya ta ɓace, ko damisa ta shigo garke, ko matar wani ta bi dutse da fushi. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya ƙaunar taron da kowa ya yarda da abu ɗaya. Kwadan nan da ake shirin kora shi ya ɗauki gawar uban Vandi a wuya, ya yi rawa da ita yadda ya kamata, ya kwantar da ita da hannunsa. Vandi bai manta ba.

Ya kori mutane daga bakin gurbin ya tsuguna. Sawun tsohon ya zo daidai dutsen da kaguwa ke ɓuya, ya tsaya, ya juya. Babu inda ya durƙusa ya zuba wani abu. Vandi ya zagaya ta sama, inda ruwan ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani ƙaton dutse kafin ya shiga gurbin. Ya cusa hannu cikin kogon ya jawo kaguwa biyu, duk matattu. Ya shinshina yatsunsa, warin ya fi ƙarfi a nan. To dafi ba ya hawa sama ya bi ruwa baya. Ba a nan aka zuba shi ba, ruwan ne ya zo da shi.

*

Vandi ya biya gida ya ɗauki gorarsa. Innarsu, Kwaramba, ta ɗumama tuwon dawa da miyar yakuwa da wake, ta ce ba zai hau dutse da cikin wofi ba. Ya wanke hannu ya ƙwala wa ƙanensa Tari kira, don tun suna yara a akushi ɗaya suke ci. Tari ya amsa daga bayan rumbu cewa cikinsa ke murɗa, kwana biyu ke nan, ya riga ya ɗebi nasa a wani ƙoƙo. Inna ta ce yaron nan tun da ya dawo daga gonakin auduga na ƙasa ya zama wani iri, dubi rigar da ya saka mai dogon hannu cikin wannan zafi. Vandi ya yi dariya ya ci tuwonsa, hankalinsa na can wurin ruwa.

Wasu sun ce a duba Hammawa, Bafillacen da aka hana shanunsa shiga gurbin bara. Vandi ya same shi a gindin tsamiya zaune kusa da gawar maraƙinsa, yana hawaye kamar wanda ɗansa ya mutu. Bai ma tambaye shi komai ba, ya yi masa jaje ya wuce.

Daga nan sai wurin Drambi, mai lambun taba da albasa a gefen rafi, wanda ya fi kowa feshi ya kuma fi kowa baki.

"A'a, mai hancin kare, yau ni ka zo shinshinawa?" in ji Drambi. "Matso, ga hammata."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbarsa ta maganin feshi. Gizo-gizo ya yi saƙa a murfin, zanzaro ya gina ɗaki a wuyanta. Ba a buɗe ta ba tun kaka.

"Mu uku ke da wannan abin a Gumtsa," ya ce. "Ni, da Sini wanda matarsa ke kwance, da ƙanenka Tari, da ya hawo da tasa a jaka kamar ya sayo turare. Je ka shinshina su. Ko kuwa na gida ba ya wari?"

Vandi ya ce masa bakinsa ya fi kwalbar dafi, ya kama hanyar sama.

*

Ndela ba wani babban rafi ba ne. Da damina yakan yi hauka ya mirgino duwatsu ya kwashe jakuna, amma da rani sai ka rantse ya mutu. Daga gurbin gari zuwa sama babu komai sai busasshen yashi da manyan duwatsu, rema na shan hantsi a kansu. Shi ya sa samarin yanzu suka ɗauka gurbin gari idon ruwa ne mai zaman kansa. Tsofaffi sun san ba haka ba ne, sai dai wa ke sauraron tsofaffi?

A tsakiyar yashin Vandi ya durƙusa ya tona da hannu har gwiwar hannu. Ruwa ya taru a ramin a hankali, da ƙananan jajayen tsutsotsi a mace, da warin nan. Rafin yana nan da ransa, a ƙarƙashi yake tafiya.

Ya ci gaba da hawa har kwazazzabon da ake kira Gurbin Birai, inda ruwa ke zubowa siriri daga kan dutse ya taru a inuwar ɓaure. Tun daga nesa ya lura da shirun. Wurin nan ba ya shiru. Kullum gwaggon biri na haushi a sama, ƙudan zuma na kuka a bakin ruwa, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. Yau ƙudan zuma sun yi layi a mace a gefen ruwan, ga shirwa ta faɗo da kifi a baki. A nan aka zuba.

Wanda ya yi wannan aiki, kifi ya zo nema. Ga inda ya jawo buhu, ga tarin tarwaɗa da ya tara. Abin mamaki, rabinsu ya bari suna ruɓewa, kamar wanda aka kora. Takalminsa na taya ne, irin wanda rabin Gumtsa ke sakawa, ba zai faɗi sunan kowa ba.

Sai Vandi ya ɗaga kai ya gan shi. A kan wani dutse, nesa da ruwa, ƙaton guza ne kwance a rigingine, mai ƙiba, wutsiyarsa ta karye. Ba hawa ya yi ba, wurgi aka yi da shi. Vandi ya juya shi da sanda. A ƙarƙashin faratansa akwai fatar mutum da busasshen jini.

Ya koma bakin ruwa ya karanta sauran. A ƙarƙashin ruwan akwai wani kogo inda manyan tarwaɗa ke shigewa, sai mutum ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Mutumin nan ya zura, ya damƙi abu mai kauri, ya jawo da murna, ashe guza ne da dafi bai gama kashewa ba. Ga gurbin gwiwoyinsa a yashi. Ga ramin da ya yi yana dirje hannunsa da tsakuwa kamar zai saɓule fatar. Ga inda ya yi amai. Ga kuma sawunsa ya fita da gudu, dunduniya ba ta taɓa ƙasa.

Vandi ya sauke numfashi. Wane maƙeri ne zai bar guza mai ƙiba haka ya tafi da tarwaɗa? Da Kwada ne, da kifin zai zubar ya yi wa guza wuri a buhu. Wanda ya yi wannan ɗanmu ne, wanda taɓa guza ya fi masa cizon maciji tashin hankali.

Ya tura guzan cikin buhu da sanda, ya bi sawun. Bai shiga gari ba, ya zagaya ta bayan gonakin tudu, yana bin ganuwar duwatsu, ya je ya tsaya cak a ƙofar bayan gidan Kwada. Ran Vandi ya ɓaci, ya ce shi ke nan, da hannunsa ya gama da tsohon. Sai da ya sake dubawa ya ga sawun ya shiga da gudu ya fito a hankali, kuma a gefen ƙofar ga busasshen ruwan toka da ganyen ɓaure. Wanka aka yi wa wani.

Kowane yaro a Gumtsa ya san wannan. In ka taɓa naman maƙera, maƙeri ne zai wanke ka. Daga nan har sabon wata ya tsaya ba ka sa hannu a akushi da kowa, ba ka sa baki a ƙoƙon da wani zai sha, in ba haka ba ƙazantar ta bi duk wanda ya sha bayanka, ta shiga gidansa da rumbunsa.

*

Ya sami Kwada a bukkar duba, zaune gaban tukunyar da kaguwarsa ta ƙarshe ke ciki, matansa na ɗaure kaya a tsakar gida.

"Baba Kwada, wa ka wanke?"

"Tun kana goye nake wanke mutane, ɗan Kwaramba. Ka taɓa jin na kama sunan ɗaya?"

"Gobe za su yaye maka rufi."

"Rufi ciyawa ne. In na buɗe baki yau, gobe wa zai shigo nan da abin kunyarsa? Sai su riƙa ɓoyewa suna sha da mutane."

Vandi ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuna masa jikokinsa da za su sauka ƙasar da ba su san kowa ba. Tsohon ya ce abin da aka faɗa a bukkar nan a nan yake kwana. Iyakar abin da ya ƙara shi ne, mutumin da ya zo wankan, guza kawai ya ambata, bai ce komai kan dafi ba. Da Vandi ya miƙe zai fita, tsohon ya kira shi, bai ɗago ido ba.

"Ka bar shi haka, Vandi. Ni tsoho ne, kuma ko'ina ana mutuwa, ba zan rasa aiki ba. Wannan sawun kada ka bi shi har ƙarshe."

Tausayin da ke cikin muryar nan shi ya gama faɗa masa. Vandi ya tsaya a ƙofa. Ciki na murɗa kwana biyu. Ƙoƙo dabam a bayan rumbu. Riga mai dogon hannu. Tari, wanda shi ya goya ya tsallaka da shi Ndela da damina, shi ya koya masa laluben tarwaɗa a kogo. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban damisa.

Da safe ya sami Tari yana gyaran fartanya. Ya tambaye shi ciki, ya ce da sauƙi. Ya ce masa yau fa za a kori Kwada da jikokinsa. Ya tsaya yana jira, yana roƙon Allah a ransa yaron ya buɗe baki da kansa. Tari bai ɗago ba.

"Maƙeri ai ko'ina gidansa ne, Yaya," ya ce.

Vandi ya juya ya fita.

*

Da rana ta yi sanyi gari ya hallara a kan falalen dutse, maza a gaba, mata a gefe, Kwada can nesa shi kaɗai a kan ɗan dutsensa. Samari har sun zo da ƙugiyoyin yaye rufi, don kada a ɓata lokaci. Aka kawo tulun burkutu, tunda a nan ba a buɗe shari'a sai ƙoƙo ya zagaya. Aka zuba wa Kwada nasa a fasasshiyar sakaina aka ajiye masa a ƙasa.

Vandi ya roƙi a dakata da ƙoƙon. Ya kwance buhunsa ya zazzage. Guzan ya faɗo tim a tsakiyar taro. Dattawa suka ja da baya suna tattare riguna, wani ya faɗi da baya. Kwada kaɗai ya miƙa wuya ya duba, ya girgiza kai, da gani takaicin naman ne ya kama shi.

A taƙaice Vandi ya faɗi abin da ya gani: inda aka zuba dafin, yadda Ndela ya kawo shi ta ƙarƙashin yashi, yadda mai laifin ya damƙi guza ya wurgar ya gudu neman wanka. Ya ce ba zai kama sunan kowa ba, kuma ba zai sa maƙeri ya kama ba. Abin da yake roƙo kawai, masu kwalba uku su zauna a gaba, ƙoƙo ya fara daga kansu.

Drambi ya karɓa ya ɗaga kai ya kwankwaɗa, ya ce a ƙaro tunda kyauta ne. Ba wanda ya yi dariya. Sini ya kurɓa da jajayen idanu ya miƙa. Vandi ya karɓa, ya cika ƙoƙon da kansa, ya je ya durƙusa gaban ƙanensa.

"Sha, Tari."

"Cikina, Yaya."

"Leɓe ma ya isa. Ka sha ka miƙo mini. Ni in sha in miƙa wa mai gari, shi ya miƙa wa dattawa. Abin da ya rage a kai wa Inna."

Tari ya karɓa da hannu biyu.  Ya ɗaga shi har ƙirji, har haɓa.  A gefen mata Kwaramba ta miƙe tsaye, hannunta a baki. Vandi ya zuba wa ƙanensa ido, shi kansa bai san abin da yake fata ba. In ya sha, Kwada ya tafi kuma gari ya ƙazantu. In bai sha ba, Inna ta rasa ɗa.

Tari ya sauke ƙoƙon ya ajiye a ƙasa. Ya naɗe hannun rigarsa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa yakushi ne, ya kumbura ya fara ruwa.

"Kifi kawai na je nema in kai kasuwa," ya ce. "Na ɗauka ruwan can ba ya zuwa ko'ina. Yashi ne fa a tsakani, Yaya. Busasshen yashi."

Sini ya yi kukan kura ya yi kan Tari, sai da ƙarti suka danne shi. Abin da ya ceci Tari a wurin shi ne labarin da ya iso tun azahar cewa Kwasini ta farfaɗo har ta sha kunu. Mai gari ya ce hukuncin da aka yanka wa maƙeri ba za a canza shi don ya faɗa kan ɗan gari ba. Samarin suka ɗauki ƙugiyoyinsu suka nufi ɗakin Tari, jikinsu a sanyaye. Kwada kuwa ya shanye sakainarsa ya tashi ya tafi kwance kaya. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Ko ɗaya. Na faɗa muku halinmu tun farko.

*

Washegari da hantsi Tari ya ɗauki ƙullinsa ya kama hanyar sama, don ta bayan dutse zai sauka. Ba a rakiyar korarre, amma Vandi ya bi shi, ba wanda ya iya hana shi. Suka wuce gurbin gari, suka bi busasshen yashi, suka wuce Gurbin Birai ba wanda ya waiwaya. Suka kai ƙoli, inda Ndela ke farawa, ɗigo-ɗigo daga saiwar wani tsohon ɓaure. Nan dafi bai kai ba. Wata 'yar kaguwa ta gan su ta ja da baya ta shige rami.

Vandi ya ciro ƙoƙonsa ya tara har ya cika, ya miƙa wa ƙanensa. Tari ya ja da baya ya ce wata bai tsaya ba tukuna. Vandi ya ce ya sani, hanya na da nisa, ya sha. Tari ya sha rabi yana kuka, ya sunkuya zai zubar da sauran. Vandi ya riƙe masa hannu, ya karɓi ƙoƙon, ya juya shi daidai inda leɓen ƙanensa ya taɓa, ya shanye.

Ya tsaya a nan har Tari ya ɓace a cikin duwatsun gangare. Da saukowa bai shiga gari ba, ya zagaya ta bayan gonaki, yana taka sawun da ya bi shekaranjiya, har ƙofar bayan gidan Kwada. Tsohon na zaune yana ba kaguwarsa ƙwayar dawa.

"Baba Kwada, wanka na zo."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. Bai tambaye shi me ya taɓa ba. Ya miƙa hannu ya jawo tukunyar toka.

"Shigo ka rufe ƙofa," ya ce.